Ƙanƙara a Maƙogwaron Inji: Matsalolin Kafireto a Ƙananan Jiragen Sama na Ƙirar Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar bakanike a garin Gwarzo, ko ya ga manomin rani a ƙasar Kabo yana fama da injin ban ruwa da ya ƙi tashi, to, ya san kalmar kafireto. Babur yana da shi, ƙaramin janareta yana da shi, haka nan injin markaɗe mai shan fetur. Idan kafireton babur ya ɓaci a hanyar Unguwar Tudu, iyakar abin da zai faru shi ne mai babur ya sauka ya tura zuwa inuwa. To, irin wannan na'ura ce take shayar da injunan dubban ƙananan jiragen sama a duniya, a sama kuwa babu gefen hanyar da matuƙi zai raɓe ya kira bakanike.

Wannan maƙala za ta duba matsaloli biyu da suka fi addabar kafireton ƙaramin jirgi. Ta farko ita ce rashin daidaiton haɗin iska da fetur. Ta biyu kuwa ita ce taruwar ƙanƙara a cikin kafireton kansa, abin da mai karatu zai yi mamakin jin cewa yana iya faruwa a ƙasa mai zafi irin tamu. Za mu ga cewa ilimin da ke bayanin sanyin ruwan randa shi ne yake bayanin wannan ƙanƙara, kuma safiyar damina ta fi safiyar hunturu haɗari ga irin wannan inji.

Jiragen Ƙirar Gida da Ƙasarmu

Tun da jiragen sojan Ingila suka sauka a Kano a shekarar 1925, wannan yanki yake da alaƙa da sufurin sama. A Zariya aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a 1964. Mutanen Kabo kuwa ba sa buƙatar a ba su labari, domin marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, shi ya kafa kamfanin Kabo Air a farkon shekarun 1980. Sai dai manyan jiragen da ke ɗaukar alhazai, irin su Boeing 747, injinsu ba ya amfani da kafireto. Maganarmu a nan ta ƙananan jirage ce masu injin fistin da farfela, waɗanda ke ɗaukar mutum ɗaya zuwa huɗu.

A Amurka da Turai akwai mutane da yawa da ke harhaɗa irin waɗannan jirage da hannunsu a gida. A 1953 aka kafa ƙungiyarsu ta EAA a jihar Wiskonsin ta Amurka. Ɗaya daga cikin fitattun samfuran da suke ƙerawa shi ne RV-6A na kamfanin Van's Aircraft, kuma daga wannan samfuri ne aka samo jirgin Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna domin horar da matuƙan sojan sama na Najeriya. Ya fara tashi a 1989, an kuma harhaɗa guda 60. Injinsa ƙirar Lycoming ne mai ƙarfin doki 180. A nan Kano ma, a 2007, kafofin yaɗa labarai na duniya sun ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, wanda ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin mota ƙirar Honda Civic da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga daga ƙasa kimanin mita biyu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan a cikin ɗaliban da ke karanta wannan mujalla akwai mai irin wannan buri.

Yadda Kafireto Yake Aiki

Fetur ba ya cin wuta sai da iska. Aikin kafireto shi ne ya auna fetur gwargwadon iskar da inji ke zuƙa, ya fesa shi a cikinta, kafin haɗin ya isa silinda inda fulogi zai kunna shi.

Idan aka leƙa cikin kafireto za a ga bututu wanda ya tsuke a tsakiya kamar maƙogwaro. Masanin lissafi Daniel Bernoulli ya bayyana a 1738 cewa duk lokacin da ruwa ko iska ta ƙara gudu, matsinta yana raguwa. Giovanni Venturi, mutumin Italiya, ya yi nazarin wannan hali a cikin tsukakken bututu a 1797, shi ya sa ake kiran maƙogwaron da sunansa. Iskar da inji ke zuƙa dole ta ƙara gudu kafin ta wuce ta maƙogwaron, sai matsinta ya faɗi. A daidai wurin ne aka sa bakin wani siririn bututu da ya taso daga ƙaramin kwanon fetur da ke jikin kafireton. Tun da matsin iskar da ke kan fetur a cikin kwanon ya fi na maƙogwaro, sai fetur ya hau ta cikin 'yar ƙofar da bakanikai ke kira jet, ya fesu. Wanda ya san tsohon famfon fesa maganin sauro ya riga ya ga wannan dabara.

A cikin kwanon akwai fuloti, wanda yake rufe hanyar fetur idan kwanon ya cika, ya buɗe idan ya ragu. A gaban maƙogwaro kuma akwai wani ɗan faifai mai juyawa, wato totur, wanda yake rage ko ƙara yawan haɗin da ke shiga inji.

Matsala ta Farko: Haɗin Iska da Fetur

Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus, yana buƙatar iska kimanin kilo 14.7. Idan aka juya wannan zuwa lita, lita ɗaya ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000. Inji ya fi ba da ƙarfi idan fetur ya ɗan ɗara haka, wato kimanin kilo ɗaya ga iska kilo 12.5 zuwa 13. Bari mu ari kalmomin mai dama kunu: idan fetur ya yi yawa mu ce haɗi ya yi kauri, idan ya yi kaɗan mu ce haɗi ya tsinke.

Alamomin haɗi mai kauri sanannu ne ga kowane bakanike. Salansa tana fitar da baƙin hayaƙi, bakin fulogi ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, inji yana sassarfa, fetur kuma yana ƙarewa da wuri. Abubuwan da ke jawo shi sun haɗa da toshewar matatar iska, da fuloti wanda ya huje ya nutse ko aka saita shi sama da ƙima, da jet mai faɗin da ya wuce buƙata. Tsinkakken haɗi kuwa yana sa bakin fulogi ya yi fari, inji ya yi zafi, ya riƙa yin atishawa ta kafireto idan aka buɗe totur da sauri. Mafi yawa datti ne ko ruwa a cikin jet ke jawo shi, ko wata kafa a bututun da ke tsakanin kafireto da silinda wadda iska ke satar shiga ta cikinta, ko kuma fetur ba ya sauka daga tanki yadda ya kamata. A cikin biyun, tsinkakken haɗi ya fi haɗari lokacin da inji ke aiki da dukkan ƙarfinsa, domin zafi yana iya sa ragowar haɗin da ke cikin silinda ya fashe farat ɗaya maimakon ya ƙone a hankali, wannan kuwa yana iya huda kan fistin.

Akwai wani abu da ya bambanta jirgi da babur. Kafireto bai san nauyin iska ba, gudunta kawai yake ji. Iska kuwa tana rage nauyi idan aka yi sama, tana kuma rage nauyi idan ta yi zafi. Filin jirgin saman Kano yana kimanin mita 476 sama da teku. A rana irin ta watan Afrilu, da zafi ya kai digiri 40, iskar filin tana yin sakayau kamar ta wurin da ke mita 1,500 sama da teku, wato nauyinta ya ragu da kimanin kashi 14 cikin ɗari idan aka gwada da ma'aunin da masu ƙera inji ke aiki da shi. Kafireton da aka saita a bakin teku ba zai rage fetur daidai da wannan raguwa ba, don haka haɗi zai yi kauri tun jirgi bai bar ƙasa ba, ya kuma ƙara kauri duk lokacin da aka ƙara hawa.

Saboda haka ne kafireton jirgi yake da wani jan mariƙi a gaban matuƙi, wanda yake rage fetur da shi idan ya yi sama, ya mayar idan zai sauko. Kafireton babur da na mota ba su da wannan mariƙi. Mai ƙera jirgi da injin mota ko na babur dole ya san cewa ya ɗauko na'urar da aka yi domin tafiya a ƙasa.

Matsala ta Biyu: Ƙanƙara

Ruwan randa yana sanyi ne saboda ɗan ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana zama tururi, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya sami zafi. Zafin da yake ɗauka daga jikin randa da ruwan cikinta yake fitowa. Fetur ma haka yake, sai dai ya fi ruwa saurin ƙafewa. Wanda fetur ya taɓa zubar masa a hannu ya san sanyin da ake ji.

Bari mu yi ɗan lissafi. Kilo ɗaya na fetur yana buƙatar zafi kimanin kilojul 350 kafin ya zama tururi. Wannan zafi daga iskar da aka fesa shi a ciki zai fito, wato kilo 13, kuma kowane kilo na iska yana sauka da digiri ɗaya idan aka zare masa kilojul ɗaya. Idan aka raba 350 da 13 za a sami kusan 27. Shi kansa fetur ɗin da ƙarfen kafireto suna ba da nasu zafin, amma faɗuwar matsin iska a maƙogwaro da bayan faifan totur tana ƙara wani sanyin. A taƙaice, zafin iska yana iya faɗuwa da digiri 20 zuwa 30, wani lokaci ma fiye, cikin ƙiftawar ido.

Sanyi kaɗai ba ya yin ƙanƙara, sai da ruwa. Ruwan kuwa yana cikin iska a matsayin laima. Iska mai ɗumi tana iya riƙe laima mai yawa, mai sanyi kuwa kaɗan take riƙewa, shi ya sa raɓa ke sauka da asuba. Mu ɗauki safiya biyu a Unguwar Tudu don misali. Ta farko a watan Agusta, bayan ruwan dare: zafi digiri 23, laima kashi 90 cikin ɗari. Kowace lita 1,000 ta wannan iska tana ɗauke da ruwa kimanin giram 18. Idan kafireto ya sauke ta da digiri 25, ta koma digiri 2 ƙasa da sifiri, inda ba za ta iya riƙe fiye da giram 4 ba. Giram 14 ke nan za su fita daga cikinta, a wurin da ruwa ke daskarewa. Ta biyu a watan Janairu, ana tsakiyar hunturu: zafi digiri 15, laima kashi 20 cikin ɗari. Ruwan da ke cikin lita 1,000 na wannan iska bai kai giram 3 ba, kuma ko an sauke ta zuwa digiri 10 ƙasa da sifiri, abin da za ta zubar bai kai giram ɗaya ba.

Inji irin na Air Beetle yana zuƙar iska kimanin lita 5,000 a minti ɗaya idan yana tafiya a sama. A safiyar Agustan nan, ruwa giram 70 ke nan a kowane minti, wato kwatankwacin leda guda ta ruwan sha a cikin minti bakwai. Yawancinsa yana wucewa cikin inji ba tare da wata illa ba, amma ɗan abin da ya manne a bangon maƙogwaro da gefen faifan totur ya isa ya tsuke hanyar iska sannu a hankali, har inji ya shaƙe.

Littafin koyar da matuƙa na hukumar kula da sufurin sama ta Amurka ya nuna cewa haɗarin ya fi yawa idan zafi bai kai digiri 21 ba, laima kuma ta wuce kashi 80, amma ƙanƙara tana iya taruwa har a zafin digiri 38 da laima kashi 50. A tuna kuma cewa iska tana rage zafi da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka jirgin da ya tashi a ɗumin damina yana shiga yanayi mafi haɗari da zarar ya kusanci gindin gajimare. Lokacin da aka rage totur domin sauka shi ne mafi muni, saboda faifan ya kusa rufewa, ƙanƙara kaɗan ta isa ta toshe ragowar kafar, injin kuma bai da zafin kirki. Fetur ɗin mota ya fi na jirgi saurin ƙafewa, saboda haka ya fi sanyaya kafireto.

Maganin da aka tanada shi ne iska mai zafi. Ana naɗe wani ɓangare na bututun salansa da kwanon ƙarfe, iskar da ta bi ta tsakaninsu ta ɗumama, matuƙi kuma yana da mariƙin da zai juya kafireto daga shan iskar waje zuwa shan wannan. Tsohuwar ƙa'idar Amurka ta jiragen da kamfanoni ke ƙerawa ta ce dole wannan tanadi ya iya ƙara wa iska zafin digiri 50. Mai ƙera jirginsa da kansa shi ne zai auna nasa da ma'aunin zafi ya tabbatar. Wurin da aka ɗaura kafireto ma yana da tasiri: injunan Lycoming suna ɗauke da shi a jikin kwanon baƙin mai, wanda yake ɗumama shi, alhali wanda aka rataya nesa da jikin inji ba ya samun wannan gata.

Yadda Ake Rarrabe Cutar

Haɗi mai kauri da tsinkakken haɗi da ƙanƙara duk suna sa inji sassarfa da rage ƙarfi, ga shi kuma maganin ɗaya yana iya tsananta ɗaya. Mariƙin iska mai zafi yana taimakawa wajen rarrabewa, domin iska mai zafi ba ta da nauyi, saboda haka tana ƙara wa haɗi kauri. Idan aka ja shi inji ya daidaita nan take, alama ce ta cewa haɗi ya tsinke. Idan sassarfa ta ƙaru ta kuma tsaya a haka, haɗi ya yi kauri, sai a rage fetur. Idan kuwa juyin inji ya faɗi, sassarfa ta ƙaru na ɗan lokaci, sa'an nan juyin ya fara hawa, to, ƙanƙara ce take narkewa inji yana haɗiye ruwanta. A nan ne sabon matuƙi yakan firgita ya mayar da mariƙin, alhali abin da ake so shi ne a ja shi duka, a bar shi har inji ya washe. Jan rabi yana iya ɗumama iska zuwa daidai matakin da ƙanƙara ta fi kamawa. Jinkiri ma yana da illa, domin idan inji ya mutu salansa za ta huce, babu sauran zafin narkar da komai. Masu binciken haɗarin jirage sukan sha wuya da irin wannan, saboda kafin su isa wurin ƙanƙarar ta narke, inji kuma ya tashi lafiya ƙalau.

A ƙasa kuwa akwai gwaje-gwajen da ake yi kafin jirgi ya fara tashi. Ana barin inji ya ɗumama yana silo, sa'an nan a ja jan mariƙin fetur a hankali har inji ya mutu, ana kallon agogon juyi. Idan juyin ya ƙaru da 25 zuwa 50 a minti kafin ya faɗi, silo ya daidaita. Idan bai ƙaru ba haɗi ya tsinke, idan ƙaruwar ta wuce haka ya yi kauri. Ana kuma cire tiyon fetur daga kafireto, a ɗaga hancin jirgi kamar yana hawa, a auna abin da ke zuba a minti ɗaya. Idan tanki a sama yake babu famfo, ana so ya kai ninki ɗaya da rabi na abin da inji ke sha lokacin tashi. Kafin kowace tafiya ana tsiyayar ɗan fetur daga gindin tanki a cikin kwalba mai haske a duba ko akwai ruwa. Wani abin lura ga ƙasarmu shi ne, a yawancin jirage iska mai zafi ba ta bi ta matata, don haka ba a barin mariƙinta a buɗe a ƙasa, musamman cikin ƙurar hunturu.

Gwaji a Aji

Malami zai iya nuna waɗannan ƙa'idoji ba tare da taɓa fetur ba. A riƙe takardu biyu kusa da juna a hura iska ta tsakaninsu: za su matso su haɗu, saboda matsin iska mai gudu ya ragu. A samo ma'aunin zafi guda biyu, a naɗe gindin ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle, a yi musu fifita, a rubuta bambancinsu a watan Janairu, a sake a watan Yuli. Tazarar za ta yi faɗi a hunturu, ta ragu ƙwarai a damina. A ƙarshe a ajiye kwalbar ruwa mai sanyi a kan tebur a waɗannan watanni biyu. A damina za ta yi zufa har ta jiƙa tebur, a hunturu kuwa da ƙyar za a ga danshi a jikinta. Abin da ke faruwa a jikin kwalbar nan shi ne yake faruwa a bangon kafireto, illa dai can sanyin ya kai na daskarewa.

Kammalawa

Yawancin sababbin motoci sun bar kafireto sun koma fesa fetur da injekta, wasu ƙananan jirage ma haka, kuma wannan ya rage matsalar ƙanƙara ƙwarai. Duk da haka kafireto yana nan a jikin jirage masu yawa saboda araharsa da sauƙin gyaransa, kuma shi ne ya fi kusa da hannun matashin da zai fara gwada ƙira. Wanda ke da wannan buri ya sani cewa ba a tashi da jirgi a sararin Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, kuma ƙira tana buƙatar duban ƙwararren injiniya tun daga farko. Kafin ya kai can, zai iya fara karatunsa da kafireton injin ban ruwa da ke gonar gidansu: ya kwance shi a gaban bakanike, ya nemo maƙogwaro da jet da fuloti, ya dubi launin fulogi, sa'an nan wata safiya ta damina ya taɓa jikin kafireton injin yana aiki, ya ji sanyinsa da hannunsa.